Inda Zare Yake Karya Kwana

A wani gidan haya da ke bayan babbar kasuwar Tireshbil, irin gidajen nan na Abijan masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, akwai wata kujera 'yar tsugunno da ba mai zama a kanta sai Gwaggo. Da an idar da sallar la'asar za ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta buɗe, ta ciro curin zare da tsinkayen ƙarfe guda biyar, kowanne da tsini gaba da baya. Daga nan har kiran magariba hannuwanta ba sa tsayawa. Tana amsa gaisuwa, tana raba faɗan yara, tana tambayar maƙwabciya da Julanci yadda farashin manja ya kwana, idonta kuwa da wuya ya sauka kan abin da take yi. A ƙarƙashin tsinkayen wani ɗan bututu yana ta tsawo kamar duma a jikin danga: ba ka ganin motsinsa, sai dai ka waiwayo ka ga ya ƙaru.

Ranar da na fara gani dariya na yi. Na ce, "Gwaggo, safa a garin nan? Mu da zufa ta hana mu sakat?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne kake jin zafi. Wanda ya zo duniya jiya bai san da wannan labari ba."

Da gaskiyarta. Jariri sabon haihuwa ɗumin jikinsa yana zubewa da sauri, sanyin da babba ba zai ko lura da shi ba yakan shige shi. Ma'aikatan jinya suna son zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, na bakwaini kuwa ya fi wuyar tsayawa. Dabarar nan ta kangaru da likitoci suka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, wato a kwantar da bakwaini a ƙirjin uwarsa fata da fata, ana yin ta a asibitin koyarwa na nan Tireshbil, kuma abin da ake bar wa jaririn a jiki uku ne: kunzugu, hula da safa. Ga damina daga Mayu zuwa Yuli, ga sanyin Agusta mai shigowa da iskar teku. Sannan ga 'yan uwa can gida. Idan hunturu ya gabato, da wuya motar Maradi ta tashi babu ƙullin Gwaggo a ciki, safa ƙafa biyu ko uku domin tsofaffin da ke fita masallaci da asuba.

Ita kanta daga ƙasar Maradin aka kawo ta amarya, hanyar da ta biyo kuma tsohuwa ce. Goro ne ya fara koya wa Hausawa hanyar kurmi, har yau garin Anyama da ke arewa da Abijan cibiyarsa ne. Da aka buɗe mashigar Biridi a 1950, tafkin Ebiriye ya haɗu da teku, manyan jirage suka fara shigowa, sai neman abinci ya kwaso mutanen ƙasashen arewa. Wasu suka sauka a Tireshbil, unguwar da ta ci sunan Bafaranshen nan Treich-Laplène, wasu a Ajame. Har abincin da ya fi kowane farin jini a titunan birnin, aceke da soyayyen kifin tuna, sunan Bahaushe yake amsawa: garba. Maza sun zo da jari, mata da yawa sun zo da abin da hannunsu ya iya.

A bana Gwaggo ta samu ɗaliba, jikarta 'yar shekara goma sha biyu, wadda take tsokana da sunan kishiya. Uwar yarinyar tana da tsohon ciki, ita kuma ta ci alwashin ƙaninta ba zai sa safar kasuwa ranar suna ba. Ni kuwa na samu abin kallo.

Zare tukuna

Darasin farko a Ajame ake ɗaukarsa. Mun haye gadar Houphouët-Boigny, wadda ke ɗauke da mota a sama da jirgin ƙasa a ƙasa tun 1957, muka ratsa unguwar Filato, muka faɗa cikin hayaniyar motocin gbaka da 'yan kamasho. A layin masu kayan tela, inda maɓalli da zif da allura suke, nan ulu yake jibge launi-launi.

Gwaggo ba ta fara da launi. Sai ta matse curin a tafin hannu ta sake shi, ta ga ko zai komo yadda yake. Ta ja zaren ta saki. Ta goga shi a wuyanta, domin abin da ya soki wuyan tsohuwa zai sa jariri kuka. Ta warware bakinsa ta ƙirga silin da aka murɗe: mai sili uku ko huɗu da aka murɗa da kyau shi ke jure gogayyar takalmi, mai sili ɗaya sako-sako kuwa wata guda ya huje a diddige.

Idan tana shakka, ashana ce alƙali. Ta tsinki ɗan guntu ta kusantar da wuta. Ulu na gaskiya, na gashin tumaki, ƙaurinsa irin na babbakar kan rago ne, tokarsa kuma tana murƙushewa a yatsa. Auduga tana ci kamar takarda. Zaren roba, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Kowanne da halinsa. Ulu yana shan laima mai yawa ba tare da ƙafa ta ji ta jiƙe ba, kuma in ya miƙe yana komawa. Auduga tana da sanyin jiki amma in ta saki ta saki ke nan. Roba tana da araha da sauƙin wanki, sai dai tana tara zufa. Zaren safa na Turai yawanci kashi 75 ulu ne, kashi 25 nailan don ƙarko, giram 100 nasa yakan kai mita 400, wanda ya ishi babban mutum ƙafa ɗaya. Tumakinmu, uda da balami da 'yankasa, gashi gare su mai kaushi da ba ya kaɗuwa. Can Masina ta ƙasar Mali kuwa ana samun masu ulu, wanda Fulani ke saƙa barguna da shi.

Shi ya sa Gwaggo ba ta wuce masu gwanjo, waɗanda mutanen Abijan ke kira yugu-yugu. Tsohuwar suwaita ta ulu, in aka dace, taska ce. A gida za ta farke ɗinkin, ta nemo bakin zaren ta ja, rigar ta riƙa warwarewa layi-layi. Zaren yana fitowa a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Sai ta naɗe shi a bayan kujera, ta ɗaure wuri huɗu, ta tsoma a ruwa, ta rataye a inuwa da ɗan nauyi a ƙasa har ya miƙe. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce a sayi abin da zai isa a tashi ɗaya. Rini ba ya maimaita kansa daidai, ko marinan Ƙofar Mata za su shaida.

Tsinke biyar, zare ɗaya

Kayan aikin duka gwangwani ɗaya ya ɗauke su: tsinkaye biyar masu kaurin milimita biyu da rabi, kwarashi ɗaya mai ƙugiya, allura mai kauri marar tsini, almakashi, da kwalin ashana. Kishiya dai ba a ba ta na ƙarfe ba. Da tsinken tsintsiyar kwakwa ta fara, wanda ta kankare da kanta har ya yi santsi. Da ta nuna da gaske take, Gwaggo ta kai wayoyin ƙafar keke wurin mai faci, ya yanka, ya goga musu tsini.

Bahaushe ya san saƙa tun kaka da kakanni, amma ta masaƙa daban ce. Masaƙi yana miƙa zaren tsaye, ya riƙa jefa ƙoshiya da abawa tana gilmawa, zare yana hawa kan zare a miƙe. Shi ya sa sawaye ba ya miƙewa. Saƙar tsinke kuwa zare ɗaya ne tal daga farko har ƙarshe, ana lanƙwasa shi ya zama 'yan zarge-zarge, kowanne yana rataye a wuyan na ƙasansa. Kowane zarge Gwaggo tana kiransa ido, kamar idon raga. Da yake zaren a lanƙwashe yake kwance, in an ja sai idanun su buɗe, in an saki su rufe. Nan sirrin yake: tufa mai bin jiki ba tare da roba ko maɓalli ba.

Kafin a taɓa tsinke sai an auna. Gwaggo takan zagaya zare a wurin da ƙafa ta fi faɗi, gindin yatsu, ta ƙulla alama, ta kuma auna tsawo daga diddige zuwa babban yatsa. Sannan ta saƙa ɗan ƙyalle na gwaji ta ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. A hannunta, da siririn zare, 32 ne. Ƙafar yayanta na Maradi kewayenta santimita 22 ne, amma ba ta saƙa 22. Tana rage kashi ɗaya cikin goma, ta tsaya a 20, wato ido 64, domin safar da ta yi daidai da ƙafa tun ranar farko zuwa mako za ta riƙa zamewa cikin takalmi. Ta jariri rabin wannan ce, ido 32.

Ɗora ido shi ne harsashi. Ta bar jela mai tsawo, ta riƙe zaren tsakanin babban yatsa da manuniya kamar mai shirin harba danƙo, ta riƙa kamo shi da tsinke har idanu 64 su jeru. Takan haɗa tsinke biyu wuri ɗaya a wannan layin don ya yi sako-sako, tun da ta wannan bakin ne diddige zai wuce. Sai ta raba su 16-16 a kan tsinkaye huɗu, ta shimfiɗa su a cinya kamar kusurwoyin ɗaki. A nan takan tsaya ta bi da yatsa ta tabbatar gindin kowane ido yana kallon ciki. In layin ya murɗe sau ɗaya aka haɗa shi haka, babu gyara sai warwara.

Tsinke na biyar shi ne ma'aikaci. Motsi huɗu ne, kuma haka ta riƙa faɗa wa kishiya har ya zauna mata: soka, naɗa, jawo, sauke. A soka tsinin cikin ido, a naɗa masa zare, a jawo sabon ido ta cikin tsohon, a sauke tsohon daga tsinke. In idanu 16 sun ƙaura, tsinken da ya zama fanko shi ne sabon ma'aikaci. Haka suke karɓa-karɓa, aiki yana zagayawa kamar hawan matakalar hasumiya.

Ido iri biyu ne kawai a duk wannan sana'a. In zaren yana baya, saƙar gaba ke nan, fuskarta sumul kamar ƙananan kitso. In aka kawo zaren gaba aka soka ta ɗaya ɓangaren, saƙar baya ke nan, mai ƙurji-ƙurji kamar tsabar gero. Bakin safa ana yin sa da gaba biyu, baya biyu, zagaye 15. Abin da ke fitowa kamar gonar da aka yi wa huɗa ne, kunya da kwari, kuma wannan tattarar ita ke kama ƙwauri ta hana safa saɓulewa. Daga nan sai saƙar gaba zalla har zuwa idon sawu, zagaye 50.

Nan ne mai kallo yakan ce ai abin da sauƙi. Na karɓi tsinkayen kishiya na gwada, sai na tarar hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zaren yana bi ta tsakanin yatsun Gwaggo, ya kewaye ƙaramin yatsa, ya hau manuniya, kuma wannan riƙon ne ke sa kowane ido ya fito girman ɗan uwansa. Ba a koyar da shi da baki. Nawa idanun wasu sun shaƙe tsinke, wasu kuma kaza za ta iya zura kai. Na kishiya da farko duk a ɗaure suke tamau, don tsoro ya sa tana damƙar zare kamar za a ƙwace mata.

"Kishiya, sassauta," in ji Gwaggo. "Zare ba mijinmu ba ne da za ki riƙe shi haka."

Akwai ƙananan dabaru da sai wanda ya sha kuskure ya san su. A mahaɗar tsinke da tsinke saƙa takan buɗe ta yi layi kamar tsani, maganinsa a ɗan ja ido na biyu, ba na farko ba. In ido ya kuɓuce ya gangara, ba a firgita. A sa kwarashi a kamo shi, a riƙa jawo zarurrukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya ta cikinsa har ya hau ya iske 'yan uwansa. Ashana kuma aikinta ƙirga: kowane zagaye biyar, tsinke ɗaya ya fita daga kwali ya koma cikin marfin gwangwani.

Diddige

Da ƙafar ɗan Adam miƙaƙƙiya ce kamar taɓarya, da kowa masaƙin safa ne. Amma Allah ya halicce ta da kwana. Ƙwauri yana tsaye, tafin ƙafa yana kwance, ga diddige ya turo baya. Dole bututun nan ya lanƙwasa, ba yanka, ba ɗinki, ba tattara. A nan ake gane wanda ya iya.

Gwaggo takan yi shiru idan ta zo nan, ko gaisuwa da ka take amsawa. Da fari ta raba idanun biyu. Guda 32 na bayan ƙafa ta bar su suna hutawa a kan tsinkayensu. Sauran 32 ta tara su a tsinke ɗaya, ta daina zagaye, ta koma kai da komo, layi 32. Abin da ke fitowa wani ɗan harshe ne mai kusurwa huɗu wanda zai kwanta a kan agara. A layukan fuska takan tsallake ido ɗaya ta saƙa ɗaya, zaren da ke wucewa ta bayan wanda aka tsallake ya zama ninki, wurin ya yi kauri daidai inda takalmi ke ci. Idon farko na kowane layi kuma ba ta saƙa shi, ɗauke shi kawai take. Wannan ke barin wata sarƙa mai ido 16 a kowane gefen harshen. A lokacin ba ka ganin amfaninta, ajiya ce ta gaba.

Sai karya kwana. Ta bi ido 18, ta haɗa biyu su zama ɗaya, ta ƙara ɗaya, sai ta tsaya cak alhali saura ido 11 a gabanta, ta juya aikin. Ta dawo ido 6, ta haɗa biyu, ta ƙara ɗaya, ta sake juyawa, nan ma ta bar 11. A duk inda ta juya wani ɗan giɓi yakan bayyana kamar wushirya. Daga nan ba ta ƙara ƙirgawa, wushiryar ce jagora: ta saƙa har saura ido ɗaya kafin giɓin, ta haɗa shi da na hayin giɓin, ta ƙara ɗaya, ta juya. Kowane zuwa tsakiya tana cin ido biyu daga gefe. Sha ɗaya su koma tara, tara su koma bakwai, har gefen ya ƙare, ido 18 su rage.

Dalilin lanƙwasar a fili yake in an lura. Tsakiya ta sha layuka da yawa, gefe ya sha kaɗan, don haka tufar ba ta da yadda za ta kwanta a shimfiɗe. Mai saƙar kwando ya san wannan: ranar da ya daina faɗaɗa gindi, ranar bango ke tashi. Duk da haka, lokacin da Gwaggo ta zura babban yatsanta a ciki na ga ɗan koko ya fito, daidai mazaunin diddige, daga zaren da ba a yanke ko sau ɗaya ba, sai da na ce tabarakalla.

Wannan hikima ta daɗe a nahiyarmu. Safa mafi tsufa da aka samu ta irin wannan saƙa a Masar aka tono ta, daga tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 14. Ta auduga ce, fari da shuɗi irin na baba, wasu har da haruffan Larabci a jiki, kuma kyan aikin ya nuna masu yin sun gaji sana'ar ne ba su suka fara ba. Kafin su ma, a zamanin Rumawa, mutanen Masar suna yin safa da allura ɗaya, mai rabe a wurin babban yatsa domin igiyar takalmi ta samu hanya. Tambayar da Gwaggo ke amsawa a tsakar gidan Tireshbil, yadda zare zai bi kwanar ƙafa, wasu hannuwa sun amsa ta a bakin kogin Nilu shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Yanzu ajiyar sarƙar nan ta yi rana. Gwaggo ta bi gefen harshen tana tsintar ido ɗaya daga kowace sarƙa, 16, ta ratsa ta kan 32 ɗin da ke hutawa, ta tsinci 16 a ɗaya gefen, zagaye ya dawo. Lissafi ya zama 18 da 16 da 32 da 16, wato 82. Sun yi yawa, kuma da gangan ne, domin daga diddige zuwa gantsarar bayan ƙafa nan ne safa ta fi buƙatar fili. Sai ta riƙa rage biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tana tsallake zagaye ɗaya, sau tara, har a koma 64. Ragin yana zana wata 'yar kusurwa a kowane gefe, irin wadda tela ke sa wa a hammatar riga don hannu ya ɗagu.

Rufewa

Tafin ƙafa hutu ne, zagaye kawai. Idan mai ƙafar yana nesa amma akwai mai girman hannunsa a kusa, akwai awon tsofaffi: a naɗa tafin safar a dunƙulen hannu, in diddige da yatsa suka haɗu, ta yi. Saura santimita 5 a kai ƙarshe ake fara rage na yatsu, huɗu a zagaye, biyu a kowane gefe. Da fari ana tsallake zagaye ɗaya har a sauko 32, sannan a rage a kowane zagaye har 16, takwas sama takwas ƙasa.

Mai gaggawa zai ɗinke bakin ya huta, ya bar wa mai safa wani tudu da zai riƙa cin yatsunsa a takalmi. Gwaggo sai ta yanke zaren, karo na farko tun da ta fara, ta zura shi a allura marar tsini. Ta jera tsinke biyu kafaɗa da kafaɗa, ta riƙa bin idanun, na gaba, na baya, kowanne allura ta ratsa shi sau biyu kafin ya sauka. Hanyar da allurar ke bi ita ce ainihin hanyar da zare ke bi a layin saƙa, don haka layin da ya ɓace ne take mayarwa. Da ta gama ta miƙo mini ta ce in nemo wurin haɗin. Na juya, na shafa, na kai wa haske, ban same shi ba.

Na zauna na yi lissafi. Warin safa ɗaya na babban mutum ya haura ido dubu goma, kowanne da soka da naɗa da jawo da sauke. Kuma an gama rabi ne kawai. Wari na biyu shi ke kayar da masu koyo, domin ɗokin ya wuce, sai haƙuri. Nan tsinkayen ashana ke biyan bashi, su ne ke sa na biyun ya fito tagwayen na farko.

A bakin ƙofar gidan akwai majalisar samari. Tun la'asar suke ɗora shayi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowa kansa a sunkuye yana shafa waya. Ba na zarginsu, don sau da yawa a cikinsu nake. Babban yatsana wataƙila yana motsi a yini fiye da na Gwaggo. Bambancin sai magariba ta yi yake fitowa, lokacin da ita take auna abin da ya ƙaru da taƙi, ni kuma ina neman inda zan sa caji. Ba ta taɓa ware wa saƙa rana guda ba. Guntayen lokaci ne take tsinta, jiran tukunya, jiran layi a asibiti, zaman gaisuwa, irin waɗanda mu muke zubarwa ba mu sani ba.

Ba wai ta rasa safar kasuwa ba ne. Tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, yau kuma a Ajame ana zuba ta inji a faranti kamar tumatir. Amma ta inji ba ta san ƙafar kowa ba. Ta Gwaggo ta san yayanta yana da tudun bayan ƙafa, sai a ƙara wa harshen diddige layi huɗu. Ta san wata tsohuwa da ƙafarta ke kumbura da yamma, sai a sassauta mata baki. In ta huje bayan shekara biyu, a zura ƙwan fitila a ciki a cike ramin, ko a warware yatsun a sake sababbi. Abin da aka san yadda aka gina shi, an san yadda za a gyara shi.

Kishiya sau uku tana warware diddigenta. A na farko ta manta ta juya, a na biyu wushiryar ta ɓace mata. A na uku ta yi kuka ta jefar da wayoyin keken, ta ce ita ta fasa. Gwaggo ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma karɓa ta yi mata ba. Ta ce kawai, "Zaren bai ƙare ba, kishiya. Yana nan yana jiranki." Washegari yarinyar ta tsince su da kanta.

Ranar suna aka fito da jariri cikin farin zane, ƙafafunsa a cikin 'yar safa ruwan ƙwai da ba ta fi tsawon yatsa ba. Wari ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, wanda ya sani ne kawai zai gani. Da taro ya watse Gwaggo ta zare ɗaya, ta juya cikinta waje, ta bi diddigen da yatsa, ta bi wurin rufewa, ta mayar wa jaririn. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta jawo gwangwanin biskit, ta ciro tsinkayen ƙarfen nan biyar ta ɗora wa yarinyar a cinya, da curin ulu mai ruwan toka.

Yarinyar ta dube su, ta dubi kakarta. "Kaka, ido nawa zan ɗora?"

"Ni za ki tambaya? Ƙafa ake tambaya." Ta nuna ni da haɓa. "Ga ta kawunki nan a miƙe tun la'asar, ba ta aikin komai. Je ki auno ta."